Idon Shaho da Manyan Baƙaƙe

Duk kwarin nan namu, daga bakin kogi har inda ruwa yake ƙarewa, babu mai ido irin na Don Anacleto Chumpitaz. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma ba mutum ne mai faɗin magana sau ɗaya ya bari ba. Shekarunsa sittin da bakwai, tabarau bai taɓa hawa hancinsa ba. Ya ce tabarau sandar guragun ido ce. Yana zaune a ƙofar ofis yake ƙirga awakin da ke kan tsaunin ƙetare, kuma tun da ba wanda ya taɓa hawa ya duba, ƙirgarsa ba ta taɓa kuskure ba. Shi ya sa muke ce masa Idon Shaho. Gaskiya ne akwai safiyar da ya cire hula ya ce wa jakin maƙwabcinmu Zósimo, "Barka da asuba, Fada." Amma ranar akwai hazon teku, jakin baƙi ne, kuma yana da natsuwa.

Shi ne sakataren ƙungiyar masu ban ruwa. Biro uku ne a aljihun rigarsa, ɗaya ke rubutu. Ya taɓa zuwa Lima, babban birni, kwas na kwana biyu, ya dawo da takardar shaida, ya sa ta cikin gilashi ya rataye a bangon bayan kujerarsa. Tun daga ranar, wanda bai ce masa Injiniya ba bai kira shi ba.

Gonaki talatin da ɗaya ke sha daga magudana guda. Sunayensu a jere suke yadda ruwa yake bi, daga kai zuwa wutsiya. Kowace Litinin da safe sakatare yana kwafe su a baƙin allon da ke jikin bangon ofis, kowa da ranarsa da awarsa. Ni ke riƙe da makullan ƙofofin ruwa shekara ashirin da shida. Abin da allo ya ce shi nake buɗewa, wanda ba ya kan allo ko ɗan'uwana ne ba na buɗe masa. Kakanninmu sun sari juna da adda kafin su yarda da wannan doka, ba a kaina za ta karye ba. Gonar Injiniya ta huɗu ce daga kai. Ta Doña Felícitas Yactayo, wadda mijinta ya rasu ya bar mata kadada guda, ita ce ta talatin da ɗaya.

Sai aka kawo mana kwamfuta. Tsohuwa ce, wani ofishi a birni ya gaji da ita. Wata ma'aikaciya mai suna Yesenia ta zo da ita a bayan mota, ta share duk wani tarkace da ke ciki don ta iya numfashi. Ba hoto, ba ado, fuska baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, sai jerin sunayenmu kawai. Injiniya ya ji daɗin wannan ƙwarai.

"Irin ta masana ke nan," in ji shi. "Masu hotunan furanni na 'yan makaranta ne."

Yesenia ta dube shi yana ƙanƙance ido, ta ce, "Baba, in ƙara maka girman rubutun?"

Injiniya ya miƙe, ya gyara biransa uku.

"'Yata, na farko dai Injiniya ake cewa. Na biyu, a Lima an nuna mana cewa girman rubutu gwargwadon ƙanƙantar ilimi ne. Jariri ake yanka wa nama manya-manya?"

"Ai jariri ƙanana ake yanka wa," in ji Zósimo daga bakin taga.

"Kai da jakinka ba ku cikin wannan zance. Rage shi, 'yata. Ƙara ragewa."

Ta rage har baƙaƙen suka koma kamar an zubar da riɗi a kan kwalta. Ya sunkuya ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce yanzu ne ya ji idonsa ya sami abokin hira. Tsohon littafin da ake kwafe sunaye daga ciki shekara da shekaru kuwa, ya ce zamaninsa ya wuce, ya tura shi ƙarƙashin gilashin kwamfutar don ya ɗan ɗaga ta. Yesenia ta shiga mota ta tafi.

Ranar Litinin na zo da makullaina ƙarfe shida. Allo fes, ko ɗigon alli babu. Ƙofar ofis a rufe. Na zauna a kan dutse. Bakwai ta yi, takwas ta yi. Zósimo ya ƙwanƙwasa, aka amsa daga ciki: "Na'ura tana tunani." Muka bar ta ta yi tunaninta.

Abin da ya faru a ciki daga baya muka haɗa shi. Idon Shaho ya kai hancinsa har ya taɓa gilashi, bai ga komai ba sai riɗi. Ya ja baya, riɗin ya koma ƙura. Ya ɗaga littafin nan ya duba kuwa, ai faɗuwa ce a gaban na'ura, ko da ba mai kallo. Sai ya kama linzamin kwamfutar yana ta danne-danne kamar makaho a kasuwar tukwane, har ya faɗa wurin da ake zaɓar yawan abin da gilashin zai ɗauka. Lambobi ne a jere, dogaye a sama, gajeru a ƙasa. Ya danna ta can ƙasa. Fuskar ta ɗauke, ta dawo, sai ga kowane harafi ya kumbura ya kai ƙwan kaza.

Wa ya ga farin ciki. Ya ɗauki alli ya fito yana fito da baki, ya cika allo da rubutunsa mai lanƙwasa. Na ƙirga da yatsa, don karatuna bai wuce aji uku ba, amma ƙirga na iya. Goma sha tara.

Na ce, "Injiniya, kamar da saura."

Ya ce, "Don Hilario, kai makulli aka ba ka, ni kimiyya. Kowa ya riƙe nasa."

Na riƙe nawa.

Rubutu ya yi girma, gilashi bai ƙaru ba. Mutum goma sha biyu na wutsiya sun zube ta ƙasa, kamar tumatir idan an cika wa kwando. Kada a ce Injiniya bai lura ba. Ya lura. Amma tambaya tana bukatar a nuna wa wani fuskar kwamfutar, fuskar kuwa yanzu ana iya karanta ta daga ƙetaren kogi. Sai ya aro wa na'urar mayafin tebur na matarsa, mai zanen inabi, ya ce ƙura ba ta yi mata. Duk wanda ya taka ƙofa, mayafi ya sauka. Abu ɗaya ya manta: takardar shaidar da ke bayansa gilashi gare ta. Kowace safiya in na shiga ɗaukar makulli kafin ya ja mayafin, ina ganin inuwar manyan baƙaƙe suna walƙiya a kan kwas ɗin Lima. Ba a tambaye ni ba.

Ranar Laraba Doña Felícitas ta hauro da ƙafa, tabaraunta na rataye a wuya da zaren ulu. Na kasuwa ne, ruwan hoda, da 'yan furanni a gefe. Wakenta ya yi fure. Wanda ya san wake ya san abin da ake nufi: in ya sha ruwa a wannan gaɓa ya ɗaure, in bai sha ba furen ya kakkaɓe, shekara ta tafi.

"Anacleto, ina sunana?"

"Injiniya."

"Anacleto, ni na yi maka tsarki ranar da ka yi kashi a wando a bikin waliyyi. Ina sunana?"

Ya hau dakalin ofis don maganar ta sami tsawo.

"Jama'a, mun shiga sabon zamani. Da, ɗan Adam ke rabon ruwa, da son kai da kuskure. Yau na'ura ce. Ba ta da ƙawa, ba ta da suruki. Ta auna kogi, ta auna ƙasa, ta fitar da goma sha tara. Wanda ba ta nuna ba wannan makon, akwai dalili na kimiyya, kuma ba kowane dalili ne kan manomi zai ɗauka ba. A yi haƙuri."

"Ni zan yi," in ji ta. "Je ka gaya wa waken."

An ce girman kai rawanin tsiya, amma nasa rawanin a gonar wasu yake zubar da tsiyar. Masararsa ta sha ranar Talata har ta yi gyatsa. Litinin ta zagayo, allo ya sake cewa goma sha tara. Na bi ta wutsiya da yamma, na ga ƙasa ta tsage, furen wake ya fara zuba fari-fari a kunya. Doña Felícitas tana ɗibar ruwa da bokiti daga rijiyar gida tana bi gindi-gindi. Kadada guda, da bokiti. Ta dubi makullan da ke ƙuguna, na dubi ƙasa. Ba ta roƙe ni ba, ta san doka kamar yadda na sani.

Ranar Lahadi da aka tashi daga coci, mutanen wutsiya ba su tafi gida cin abinci ba. Su goma sha biyu da matansu da surukansu suka tsaya a ƙofar ofis, suka ce na'urar da ta kore su suke so su gaisa da ita.

Injiniya ya ce a ba shi minti biyar ya shirya ta. Ya kulle ƙofa, ya ruga don ya mayar da riɗinsa kafin a shigo. Ya sami wurin lambobin nan, ya zaɓi doguwa. Saura ya danna maɓallin amincewa. Ina maɓalli? Shi ma ya kumbura ya faɗa ta ƙasa, can inda Doña Felícitas take zaune mako biyu. Na'ura ba ta da ƙawa, ba ta da suruki.

Minti biyar ta zama ashirin. Zósimo ya sa kafaɗa ya banke ƙofar. Aka tarar da Injiniya tsaye ya baje hannuwa a gaban mayafin inabi, gumi har cikin biro. Doña Felícitas ta zagaya ta bayansa ta yaye mayafin kamar mai buɗe kwanon tuwo.

Ba a yi dariya nan take ba. Sai da kowa ya gama karantawa, har da waɗanda ke waje a gindin bishiya.

"Injiniya," in ji Zósimo a hankali, "jakina ya ce a gode maka. Ya ga sunana daga inda na ɗaure shi."

"Saboda ku na yi," in ji Idon Shaho. "Na san yawancinku idonku ya mutu."

Doña Felícitas ta ɗora tabaraunta, ta zauna a kujerar da ba wanda ya taɓa zama sai shi. Ta dubi linzamin, ta ga 'yar taya a bayansa.

"'Yata da ke aiki a Chile in ta turo saƙo mai tsawo a waya, jan shi nake yi sama," in ji ta. "Wannan ba a jan sa?"

Ta murza tayar da yatsa ɗaya, yatsan da bokiti ya kumbura. Sunaye suka fara haurowa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kamar mutanen da aka ciro daga rijiya. Kowa ya ga nasa ya ce, "Ga ni." Na ƙarshe ya fito, ya cika gilashi daga gefe zuwa gefe.

"Wannan mataki na biyu ne," in ji Injiniya. "A makon gobe na shirya shigar da shi."

Doña Felícitas ta miƙa masa alli. Ya fita ya rubuta sha biyun, jama'a na tsaye, ita tana karanto masa daga ciki da ƙarfi, tana jan kowane suna. Allo ya ce, na buɗe. Kafin la'asar ruwa ya isa wutsiya. Rabin waken ya ɗaure. Rabin da ya zube, ba taron da zai mayar da shi kan reshe.

Yesenia ta dawo ranar Juma'a. Ba ta kai minti biyu ba. Ta mayar da gilashin yadda yake ɗaukar komai, sannan ta je wani wurin dabam ta ƙara wa rubutun kaɗai girma, daidai yadda talatin da ɗaya za su zauna a fuska guda. Ta ce abu biyu ne, ba a taɓa wancan don a gyara wannan. Injiniya ya ce haka aka koya musu a Lima. Baƙaƙen sun kai ƙwayar masara yanzu. Ni ina karanta su in na matso. Idon Shaho ya sunkuya, ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ya yi wa riɗi.

Doña Felícitas ta leƙo da yamma ta ce ta zo duba awarta. Da ta fita, tabaraunta na kan tebur. Ba ta dawo nema ba, ta sayi wani a kasuwar Asabar. Shi kuma bai aika mata ba.

Tun daga nan, kowace Litinin ƙofar ofis tana rufe minti goma, sannan allo ya fito da talatin da ɗaya cif. Injiniya yana nan kan bakansa, har yanzu yana ƙirga awakin ƙetare, har yanzu tabarau sandar guragu ce. Sai dai in ya fito da alli, akwai jan tabo biyu a karan hancinsa, ɗaya dama ɗaya hagu. Zósimo ya tambaye shi, ya ce sauro ne.

Mun yarda. Sauron kwarinmu ma kwas ya je: Litinin kaɗai yake cizo, kuma da awo.