Ƙahonin Gonar Inabi

Ba wanda ya gaya mini Nasara na binne ƙaho don alheri. A gonar inabin da nake aiki kusa da birnin Lyon, fartanyata ta tono ƙahoni cike da kashin shanu. Boko da girmana na yi shi, amma sammu tun ina goye na san shi. Na kwashe su kaf, na watsa a rafi, na kai wa mai gonar albishir.

Ya dafe kai. Ashe takin inabin giyarsa ta bio ne, wato noman da ba a sa takin zamani, da hannunsa ya binne. Ya ce in ba su dawo ba, ni ma kada in dawo.

Washegari na ɗaure zane na faɗa rafin. Abokiyar aikina Rabi na gaɓa tana ihu: "Malama mai karya sammu, ga wani can!" Sunana ke nan har yau.