Tayar da Aka Yi wa Zanen Gobir

Labbo direba ba ya tayar da mota sai ya zagaye ta. Ran nan ma, da ya dawo daga sallar asuba, haka ya yi. Ya zuba ruwa a lagireto, ya duba baƙin mai, sannan ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana bugun kowace da diddige. Na baya da sauran rai. Na gaba kuwa sun suɗe, har waya ta fara leƙowa a gefen guda. Bai damu ba, domin a but akwai wasu biyu da ya sayo jiya a kasuwa, baƙaƙe wuluk, zanensu ya fito raɗau. Ɗaurawa kawai ta rage. Mai facin da ya amince da shi a Sabon Birni ya kwashe iyalinsa ya koma Sakkwato tun bara, don haka dole sai garin Isa, wurin Kalilu.

Ba lodin banza ya fitar da shi ba. A hanyar dawowa zai tsaya Gatawa ya ɗauko Sadiƙa, matar ɗansa Shamsu, da 'ya'yanta biyu da ɗan abin da ya rage musu, domin zaman can ya ƙi. Shamsu shi ma direba ne. Daminar bara taya ta fashe masa tsakanin Gatawa da Isa, ya sauka ya kafa jak, mutanen daji suka fito daga cikin gero. An sami motar a tsaye bisa ƙafa uku, shi kuwa babu shi. Tun daga ranar duk wanda ke bin hanyar ya sani, taya ba ta fashewa ita kaɗai.

Kalilu ɗan kawun Labbo ne, wato taubasai suke. Kalilu ɗan namiji, shi ke kiran kansa ubangida. Labbo ɗan mace, shi ne bawa, kuma duk watan Cika-ciki yana da hakkin ya je ya karɓi shara, kyautar da ubangida ke ba bawansa ko yana so ko ba ya so. Labbo ya gaji zanen Gobir daga ubansa, kunci biyu cike. Gidan su Kalilu kuwa malamai ne, sun daina tsaga tun kakanni. A kan wannan bambanci suka yi shekara hamsin suna cin naman juna.

Labbo ya sauke fasinjojinsa a tasha, ya iske Kalilu zaune ƙofar shago yana goge bututun iska.

"Da gajiya, da ruwa, da iyali," in ji Kalilu, bai ko ɗaga kai ba. "To, ya isa hakanan. Bawa ba shi gaida ubangidanai tsaye. Durƙusa."

"In durƙusa ma wa? Mutumin da huskatai ta suɗe sul, awa tayar da ta gama yawon duniya?"

"Gara tawa. Taka kuwa da anka haihe ka, wanzami ya aza gona anka ba shi."

"Shi ya sa in na ɓace ana maido ni gida. Kai in ka ɓace, ko akuya ba ta shaida ka."

"Cika-ciki ya kama, yunwa ta koro bawa. Shara kat taho nema?"

"Bara ban zo ba, bana ma ba ita tak kawo ni ba. Tashi ka yi aiki."

Kalilu ya san abin da ya hana shi zuwa bara, sai ya bar maganar ta wuce. Labbo ya buɗe but ya turo tayoyin nan biyu gabansa, yana tsaye da hannu a ƙugu kamar wanda ya kawo ingarman rago. Ya ce a ɗaura su a gaba, a cika iska daidai, kuma a yi sauri, domin yana so ya bar Isa da rana tsaka.

Kalilu ya mirgina guda, ya shinshina ta, ya dubi tafin hannunsa da ya yi baƙi. Ya tambayi inda aka samo su. Labbo ya ce wani mai babbar mota ne ya baje su a bakin kasuwa, ya rantse gwanjon Turai ne, ta Maraɗi suka shigo, kuma rabin farashin shago ya sayar.

"Mi ne sunanai?"

"Ban je ɗaurin aure ba, balle in tambayi suna."

"Ka san gidanai?"

"Taya nis saya, ba gida ba."

"To in ta hwashe, wa za ka kamawa? Ni kam ka san ƙohwar gidana, ka san inda nika kwana, ka san ma tukunyar da kaka sata ciki tun kana yaro."

Labbo ya ce shi dai a dubi zane. Ya tura ɗan yatsansa cikin kwarmin, ya nuna yadda ya nutse har gaɓa. Ya ce tun Kalilu na bin masu ƙosai yana lasar hannu shi yake zaɓen taya, kuma ubansa ma da ido ɗaya yake gane jakin da zai kai Madawa ya dawo.

Nan Kalilu ya kwashe da dariya har da tari.

"Ai ga ciwon Bagobiri nan. Duk abin da kag gani da zane ga huska, ka aza ɗan'uwanka ne. Ko kankana anka tsaga, sai ka tambaye ta lahiyar mutanen gida."

"Mu zanenmu ba shi ƙarya."

"Naku ba shi yi. Wanga shina yi. Naka da kwana bakwai anka yi shi, wanga kuwa bayan ta tsuhwa anka kai ta wurin wanzami."

Ya jawo tayar cikin rana ya yi masa bayani a tsanake. Akwai masu tattara tayoyin da suka suɗe, su ɗora ƙarfe a wuta, su bi sawun tsohon zane su sake haƙa shi, sannan su shafe da baƙin mai ta yi ƙyalli. Naman da ya rage tsakanin kwalta da iska shi suke yankewa. Ya sa Labbo ya shafa bakin kwarmin ya ji kaushi, alhali na kamfani santsi gare shi. Ya nuna masa cewa zanen gaskiya yana da 'yan tuddai a cikin kwarmi, waɗanda ke gaya wa direba taya ta ƙare idan suka yi daidai da sama, wannan kuwa ƙarfe ya share su duka. Ya buɗa kwarmi ɗaya da ɗan yatsa, ga zare fari yana kallonsu. Daga nan ya juya ta gefe, ya lanƙwasa ta da gwiwa, ƙananan tsage suka buɗe kamar bakin tabki da rani.

Sai ya ɗora yatsa a kan wasu lambobi huɗu da ke cikin ɗan zagaye. Biyun farko, in ji shi, mako ne. Biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Taya ko ba a taɓa hawanta ba, in ta daɗe tana shan rana ta mutu a tsaye.

"Karanta, bawa. Shekarar da anka yi wagga, kana da haƙoran gaba duka."

"Haƙorana naman gidanku yak karya su. Ba ku yanka dabba sai ta yi jika."

"Wagga ma ta yi jika."

"Kai dai so kakai in aje tawa in sayi taka. Na san ku, masu shago. Da za a kawo maka tayar jirgin sama sai ka ce iska ya yi mata yawa."

"To ɗaura ta. In ta aje ka tsakanin nan da Gatawa, sai ka ce ma mutanen daji su dubi zanenta su raga maka."

Maganar ta fita kafin Kalilu ya auna ta. Bai ambaci suna ba, amma ba ya bukata. Labbo ya kafa ido a kan zaren nan fari. Ya tuna ranar da aka jawo motar Shamsu gida. Ya daɗe tsugune gaban tayar da ta fashe yana shafa zanenta, mai zurfi, baƙi, yana tambayar kansa yadda taya mai irin wannan zane za ta ci amanar mutum. Shekara guda yana ɗauke da tambayar. Yau ya sami amsa a bakin shago, cikin wasa.

Ya sunkuya ya ɗauki guda zai mayar but. Ba shi da abin sayen wasu, kuma Sadiƙa ta riga ta ɗaure kaya. Ya ce zai nemi wani mai facin, wanda bakinsa bai kai hannunsa tsawo ba.

Kalilu ya miƙe, ya zaro wuƙar da yake yankan roba, ya soka ta a gefen tayar da ke ƙasa ya ja. Kafin Labbo ya ajiye ta hannunsa, ita ma ya farke ta.

Labbo ya cafki wuyan rigarsa. Wannan karon ba wasa a idonsa. Ya ce buhunan geron da ya ɓoye don 'ya'yan Shamsu ya sayar ya sayi tayoyin nan, ya ce da me zai ɗauko su yanzu, a ka? Kalilu bai ƙwace ba. Ya ce wa Labbo akwai taya a shago, in yana so ya shiga ya ɗauka.

"Ban taho yin bara ba," in ji Labbo. "An ɗauke min ɗa, ba a ɗauke min kunya ba."

"Wa yac ce bara? Ni ban ba bawa sadaka, lada ba ta kai. Bawa ƙwace shikai." Ya gyara wuyan rigarsa, ya ɗauki buta. "Za ni masallaci. Shago ga shi buɗe. In na komo na iske an yi min ɓarna cikin watan shara, na san ko wane ne, kuma ko alƙali ba shi jin ƙarata. Sai dai Bagobiri ne, na san zane za shi bi. Bari in kwantar da hankalina."

Ya tafi, bai waiwaya ba.

Labbo ya jima a tsaye. Daga baya ya shiga shagon. A gaba an jera na gwanjo masu kyan gani, hannunsa har ya kai kan guda mai zurfin zane, ya janye shi. Ya fara juya su gefe. Ya nemi lambar girma irin ta motarsa, ya nemi lambobin nan huɗu, ya leƙa ciki ko akwai faci, ya shafa gefe ko akwai ƙulu. Wannan ta tsufa, waccan an ɗinke ta. Can ƙurya, bayan wani buhu, inda rana ba ta kaiwa, ya iske biyu iri ɗaya, 'yan bana, ko ƙasa ba su taɓa ba. Ya mirgino su waje. Ya ga tsintsiya jingine da ƙofa, ya ɗauka ya share gaban shagon sau biyu, yadda bayi ke yi kafin su karɓi hakkinsu, ya jefar da ita a tsakiyar hanya.

Da Kalilu ya dawo ya ga abin da aka fitar, ya dafe kai.

"Waɗanga? Daga hannun dila nid ɗauko su Sakkwato, don motar ɗiyata Kadijatu. Ga na gwanjo nan birjik, ba ka gani ba?"

"Na gani. Zanensu ya yi min kyau ƙwarai, shi ya sa nib bar maka."

"Kaico. Na koya ma bawa karatu, ya hwara da gidana."

"Shara biyu ce, ta bara da ta bana. Durƙusa ka ɗaura."

Kalilu ya yi dariya, gajeriya, ya durƙusa. Shi ya kafa jak da kansa, ya ɗaura, ya auna iska, ya bi kusoshin ya ƙara ɗaure su bayan an sauke motar. Da ya gama ya jefa farkakkun nan biyu cikin but, ya ce a tafi da 'yan'uwa, shi ba ya riƙon baƙi. Sannan ya dafa ƙofar direba, ya rage murya.

"In ka isa, ka kira ni."

"In na isa, za ni kiran mutane. Kai sai in kati ya ragu."

A Gatawa Labbo bai kashe mota ba. Sadiƙa ta shiga da yaran, aka ɗora katifa da tukwane a sama, aka cusa akuyarta a but tsakanin farkakkun tayoyi. Kafin nan ya riga ya wuce wurin da Shamsu ya kafa jak. Geron bana ya fi na bara tsawo. Bai duba ba, bai kuma ɗaga ƙafa ba, ya dai ji kwalta tana wucewa a ƙarƙashinsa lafiya.

Sun shiga Sabon Birni ana kiran la'asar. Ya sauke kaya, ya kira Kalilu ya ce bawa ya iso, ya kashe kafin a ba shi amsa. Akuyar tana ta kuka, ba a zo da igiyarta ba balle abin cin dusa. Labbo ya jawo farkakkiyar taya guda, ya ƙarasa yanka ta gida biyu, ya kwantar da rabin a gindin turke, ya zuba dusa. Ya tsaya yana kallon zanen nan mai zurfi ya kifu cikin ƙasa. Ya shafa nasa kuncin.

"Ga aikin da yad dace da kai, Bagobirin ƙarya," ya ce, ya je ya wanke hannu.