Yadda Za Ka Zaɓi Gilashin Cikin Ido Ba Tare da Uwargida Ta Janye Kwano Ba

Kai dattijo mai yanar ido, matso kusa. Ban yi lekol ba, wato boko, amma babu tsohon unguwarmu Briketeri a nan Yawunde da aka yi wa aikin ido ban raka shi lopital ba. Bi matakan nan, na lamunce maka idonka zai buɗe, kuma gatan da yana ta kawo maka ba zai tafi ba. Aminina Gali mahauci shi ne darasinmu.

Mataki na 1: San abin da za ka rasa

Tun aurensu, Gali bai taɓa sa hannu kwano ɗaya da matarsa Karimatu ba. Haka muka gada: a kai wa maigida nasa zaure, mata su ci a ciki. Da yana ta rufe masa ido, ƙayar kifi ta maƙale masa wata rana, sai Karimatu ta fara zama kusa da shi. Ta cire ƙaya, ta kama hannunsa ta kai inda tsoka take, ta ba shi labarin wadda ta mari wata a bakin famfo.

Ya ce mini, "Wallahi ashe matar nan akwai ban dariya. Ina nake duk shekarun nan?"

Na ce, "Kana zaure."

To ka ji. Ranar da aka san kana gani, kunya za ta dawo, kwano ya koma zaure.

Mataki na 2: Kore biyu, riƙe ɗaya

Akwai mai allura a bayan kasuwar Mokolo da ke tura yana cikin ido. Gaishe shi ka wuce. Akwai tabarau mai kaurin gindin kwalba da ake ba mutum bayan aiki. Wannan shela ce. Tun daga unguwar Messa za a hango idanunka kamar na bijimin sa. Sai sabon abin da wani likita baƙo ya zo da shi bana, ɗan gilashi kamar ɓawon kifi, a sa shi can cikin ido a rufe. Ba mai ganinsa, ko wanzaminka. Shi za ka nema. In sun ce kaɗan ne, sa babbar riga ka yi tari irin na manya.

Mataki na 3: Nesa ko kusa?

Nan Gali ya yi kuskure, buɗe kunnenka. Tafinta ya ce masa, "Baba, dokta ya ce gilashin iri-iri ne. Kana son ka fi ganin nesa ko kusa?"

Gali ya ce nesa, wai don ya hango mai zuwa tun daga bakin layi, ya gyara zaman makanta. Dabara ce, amma ta yara. Me ka ajiye a nesa a shekarunka? Duk abin da kake so yana tsakanin gwiwarka da ta uwargida. Ka ce kusa. In tafinta ya sake tambaya, ka ce masa da Faransanci ma: kusa.

Mataki na 4: Ranar cire bandeji, riƙe bakinka

Yi hamdala a zuci, Allah yana ji. Kada ka yi ƙarya, mu ba maƙaryata ba ne. In an ce, "Ya idon?" ka ce, "Ga shi nan dai." Ai kuwa ga shi nan.

Da aka buɗe wa Gali idon dama, abin da ya fara gani Karimatu ce a bakin ƙofa, ta yi furfura ba ta gaya masa ba. Saura kaɗan ya yi magana. Na taka masa ƙafa.

Mataki na 5: Kada ka daina tuntuɓe lokaci ɗaya

Ci gaba da lalube. Ture buta jefi-jefi, amma wadda ba ruwa. Ka gaida maƙwabcinka Garga da sunan Mamadu. In yaranka a rumfar nama suna yanka cinya a karkace, haɗiye. Gali ya haɗiye har azumi ya kama, yana buɗa-baki kwano ɗaya da matarsa, ya yi ƙiba.

Mataki na 6: Kada ka je duban wata

Ranar da ake sa ran watan Sallah, jama'a suka taru a ƙofar masallaci bayan magariba. Ka san saman Yawunde, kullum a lulluɓe. Matasa suka duba, liman ya duba, babu. Aka fara cewa gobe ma azumi.

Gali yana kan benci riƙe da sanda. Sai gajimare ya tsage can sama da tudu, ga wata siriri kamar yankan farce. Shi kaɗai ya gani, da gilashinsa na nesa. Ya sunkuyar da kai. Ya tuna kwano. Ya kuma tuna unguwa guda za ta tashi da azumi ranar Sallah, alhakin yana wuyansa, ga shanu a ɗaure suna jiran wuƙa.

Ya miƙe ya nuna da sanda. "Ga shi can! Bisa bishiyar mangwaro, ku makafi ne?"

Garga ya ce, "Wa ke magana? Gali? Gali da ya kira ni Mamadu jiya?"

Liman ya bi sandar da kallo, ya gani, ya yi kabbara. Kafin Gali ya iso gida, labari ya riga shi.

Mataki na 7: In asiri ya tonu, zauna inda aka ajiye ka

Ya tarar da kwanonsa a zaure, a rufe, shi kaɗai. Ya zauna. Bai buɗe ba. Can sai ga Karimatu a bakin labule.

"Malam, an ce kai ka gano wa gari wata."

"Haka aka ce."

"Sannu da ƙoƙari. Butocina da ka yi ta turewa fa?"

Gali ya gyara murfin kwano.

Ta ce, "Idon hagun, an taɓa shi?"

"Ba a taɓa ba. Yana nan da yanarsa."

"Ko kaɗan ba ya gani?"

"Ko kaɗan."

Ta shigo ta zagaya, ta zauna ta hagunsa, ta buɗe kwano. "To ni nan nake. Kada ka juyo."

Likita ya aiko sau da yawa a kawo ɗayan idon. Gali ya ce a gaishe shi.

Sanarwa

Ni dai shawara na bayar, ban riƙe wuƙa ba. In ka zaɓi kusa ka faɗa kwata, in ka zaɓi nesa ka gano wata, ko taka uwargidan ba ta da haƙurin Karimatu ta bar ka da ƙaya, kada a turo mini kowa. In ma ka zo da kanka, ban gan ka ba. Nawa idon ba a yi masa aiki ba tukuna.