Baiti Arba'in a Kan Nasarar Ilu

Har gobe ban yafe wa Ilu na Ɗanzomo ba. Lokacin naira tana sabuwa, aka shirya masa kokawa da wani siririn Badamagare a Maigatari. Ni kuwa, malamin makaranta a Gumel mai ji da alƙalaminsa, na ga jira ɓata lokaci ne. Tun ana saura kwana uku na tsara waƙar nasararsa, baiti arba'in, na sa aka buga da tafireta, na rarraba a kasuwa. A baitin ƙarshe na rattaba sunana har da unguwarmu, yadda marubuta ke yi.

Ranar kokawar, ban gama gyara zama ba, Badamagaren ya sunkuci Ilu ya maka shi da ƙasa. Ƙaton banza! Sai wani dattijo ya ɗaga takardata ya ce, "Malam, a nan ka ce ƙasa ba ta san bayansa ba. To, yau sun gaisa."

Ilu ne ya sha ƙasa, amma ni ake yi wa dariya. Ina adalci a nan? Ko jiya maƙwabcina ya riƙe hannuna ya ce, "Gobe zan yi shuka, Malam. Don girman Allah kada ka yi wa gonata waƙa."