Kyaftin Tsatsa da Farfelar Japan

"Ni ƙarfe ke kira da sunana, ko yana ƙarƙashin ƙasa, ko yana ƙasan teku!" Haka Misake yake faɗa wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a ƙauyensu na gaɓar Robiyana, a Tsibiran Solomon. Abokina, ka san irin mutanen nan. Duk abin da ya taɓa tonowa na yaƙin Japan da Amurka bai wuce cokali mai lanƙwasa da wata hular kwano da ta huhhuje kamar rariya ba, amma ya naɗa wa kansa Kyaftin. Mutanen gari suka ƙarasa masa: Kyaftin Tsatsa.

Wata rana ya yi nutso wajen kamun kifi, sai ga farfelar jirgin sama ta leƙo daga yashi. Ya fito yana haki, ya rantse sai ya kafa ta a ƙofar gidansa, baƙi su riƙa yin layi.

Ya nufi wan matarsa, Opeti, mai kwalekwalen inji ɗaya tilo a garin, ya nemi aro. Opeti ya ce washegari zai kai matan coci gasar waƙa a tsibirin Rendoba, sun yi watanni suna shiri. Misake ya ce ai kafin la'asar an gama. Dabarar tasa kuwa ita ce: idan ruwan teku ya janye kamar yadda yake yi kullum, a ɗaure farfela da kwalekwale tamau, idan ruwa ya dawo, ya ɗaga kwalekwale, kwalekwale ya tumɓuko farfela.

"To, in har yanzu tana manne da jirgin fa?" in ji Opeti.

"Suruki, kai dai kamun kifi ka sani. Bar wa masu ilimi yaƙi."

Ya ce igiya ta ragwaye ce, sai ya ɗaura sarƙa, ya danna mata kwaɗo. Ya koma gida ya canza wando zuwa kakin soja, ya kifa hular kwanonsa, ya tara gari kaf a bakin ruwa, har da matarsa Dalsi, shugabar mawaƙan. Ya hau kwalekwale ya fara jawabi.

Ruwa ya soma dawowa. Sarƙa ta miƙe. Farfela ko gezau, don kuwa jirgi guda ne sukutum a binne a bayanta. Sai goshin kwalekwale ya fara sunkuyawa. Misake ya sanar da jama'a cewa alama ce mai kyau, ƙarfe na gaida ƙarfe.

Da ruwa ya kai masa idon sawu, jawabi ya tsaya. Ya cire hula ya hau kwarfa, hula tana ɗiba tana mayarwa ta ƙasa. Opeti na ihu daga tudu a buɗe kwaɗo. Gogan ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. Mabuɗi na can gida cikin tsohon wando.

A hankali, cikin ladabi, kwalekwale ya duƙa ya tafi da injinsa. Aka bar Kyaftin yana iyo irin na kare, hular da ya sake kifawa ta rufe masa ido.

Washegari matan coci suka tafi Rendoba a ƙananan kwalekwalen katako, kowacce da filafili a hannu. Suka isa an gama gasa ana tattara kujeru. Tun daga ranar Dalsi ta mayar da aikin kankare kwakwa wuyan Misake, shi kuwa Opeti ya ɗauke shi matuƙin kwalekwalen katako kyauta har illa masha Allahu.

Bayan wani lokaci wasu Turawa masu nutso suka zo. Suka fito daga ruwa cike da murna, wai sun ga jirgin Japan, kuma ga wani jirgin ruwa ɗaure da shi. Suka tambayi Dalsi na wane ɓangare ne, kuma wace runduna ta nutsar da shi.

"Na yayana ne," in ji ta. Ta nuna bayan ɗaki da leɓe. "Rundunar kuwa ga ta can tsugune, tana kankare kwakwa."