Tasar Bagirike

Wani ne yake aikin kuku a gidan wani tsohon Bagirike nan Jidda, zamanin da ake kai ruwa gida-gida a kan jaki. Da tsohon zai koma ƙasarsu sai ya ba shi wata tasar tagulla.

Ya ce, "Sunanta niftir. Sau ɗaya tak kalmar nan ta zo a Linjila da tsohon yarenmu, a labarin Annabi Isa da Hawariyawa, ranar da suka ci abincin bankwana."

Mutumin naku bai tsaya jin sauran ba. Ya ji Annabi, alaihissalam, ya ji abinci, halas, shi ke nan. Ya naɗe tasa a rawaninsa, sai gida, unguwar Karantina.

Matarsa Mastura ta juya ta, ta sunsuna. Ta ce, "Malam, wannan ba ta yi mini kama da ta cin abinci ba."

Ya ce, "Ke da ba ki haɗa Ƙulhuwallahu ba, Girkanci za ki koya mini?"

Ya turara ta da udu. Kafin Juma'a mai tari ya sha a ciki, mai neman takardar iƙama ya sha, har mai jakin ruwa ya roƙa wa jakinsa.

Sai ga surukinsa Alhaji Na'ibi daga Makka, yana ɗingishi. Da ma ya rantse zai tafi da 'yarsa, don bai ga abin da mijin ya taɓa tsinanawa ba. Aka dama masa fura a tasar. Ya shanye, ya suɗe, ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Wallahi ciwon ƙafata ya tafi. Mastura, zauna ɗakinki. Kai kuma yalla, kai ni wurin Nasaran nan, in ji me Annabin Allah ya ci a ciki."

Suka same shi bakin jirgin ruwa. Bagirike ya ce, "Ci? Niftir ai ta wankin ƙafa ce, a irinta aka ce ya wanke wa Hawariyawa ƙafafu. Wannan kuwa ta kakata ce. Tun ina yaro take jiƙa kaushinta a ciki."

Alhaji ya tofar da yawu, ya cire takalmi ya yi kan surukin nasa.

Mutumin ya ja da baya, ya ce, "Haba Baba, ba kai ka ce ƙafarka ta warke ba? Ai tasar ta san aikinta."