Ranar da Jinina Ya Tona Mini Asiri

Shekarata saba'in da bakwai a duniya, mantuwa kuwa ta fara yi mini sallama a kai a kai, har nakan nemi tabarau alhali yana bisa hancina. Amma ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, yau shekara bakwai ke nan, ranar da jami'ar da na yi wa aiki a nan Jos ta tara jama'a domin in gabatar da laccar bankwana.

Ya kamata mai karatu ya san ko wane ne ni kafin ya yi mini dariya. Fiye da rabin rayuwata na ƙarar a kan bincike guda: yadda jikin ɗan Adam yake sarrafa maiƙo. Akwai wani sinadari da Ubangiji ya dasa a bangon jijiyoyin jini, daga cikin waɗanda masana ke kira enzayim, wanda aikinsa shi ne ya tare kitsen da mutum ya ci, ya farfasa shi, ya bar jini wasai. Wannan sinadari na bi tun gashina yana baƙi, daga ɓerayen ɗakin gwaji har zuwa jinin mutane, na kuwa yi rubuce-rubuce a kansa waɗanda aka karanta a ƙasashen da ƙafata ba ta taɓa takawa ba.

To, ilimi idan ya daɗe a kan mutum yakan rikiɗa ya zama wa'azi. Na haramta man shanu a gidana wajen shekara ashirin, alhali uwargidana, Hajiya Binta, ta tashi ne a gidan da ake kaɗa nono kowace safiya. A wurin biki nakan saɓule fatar kaza in ajiye a gefen faranti yadda kowa zai gani, wani lokaci ma in leƙa farantin maƙwabcina in yi masa nasiha. Ɗalibai suka laƙaba mini Farfesa Ba-Maiƙo. (Suna zaton ban sani ba. Na sani sarai, kuma sunan yana yi mini daɗi.) Wannan suna shi ne rawanina a garin nan, shi kuma na yi niyyar naɗawa a gaban jama'a a rana ta ƙarshe.

Na raɗa wa laccar suna Jini Ba Ya Ƙarya, na kuma shirya nuna hujja ido da ido. Idan aka ɗebi jini aka sa a injin da ke wujijjiga shi, jan yakan kwanta a ƙasa, ruwan ya taso sama. Ruwan jinin wanda bai ci kome ba garau yake, kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Na wanda ya ci maiƙo kuwa yakan yi fari kamar kunun gyaɗa. Abokina Mista Okeke, mai sayar da katako a kasuwar Katako, mutum mai tumbi da sakin fuska, ya yarda ya zama misalin ɓarna. Na umarce shi ya ci soyayyen ƙwai da nama mai kitse, ya kuma taho da guzuri ya riƙa taɓawa har a kira shi. Misalin kirki kuwa, wa zai zama in ba ni ba? Har a katin gayyata aka buga cewa Farfesa zai zo da cikinsa wayam, ya ba da jininsa.

Ana gobe lacca sai Yaya Asabe ta iso daga ƙauye. Ita ce babbar yayata, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau ba ta san wani Farfesa ba, Auta ta sani. Washegari da na dawo daga masallaci da asuba na tarar da ita a falo ta tasa kwano a gaba: ɗumamen tuwon acca da miyar kuka, man shanu ya narke a kai yana sheƙi. Da shi ta taho a cikin jallo, ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Na ce, "Yaya, ai yau ba zan ci kome ba sai bayan taro."

Ta ce, "Azumin me ake yi? Dubi wuyanka kamar na zalɓe. Haka za ka tsaya gaban mutane a ce ba ka da dangi? Zauna, Auta."

Mutumin da aka goya ba ya musu da bayan da ya goya shi. Wannan ita ce hujjar da nake bayarwa idan an tambaye ni, kuma gaskiya ce, sai dai ba ita ce dukan gaskiyar ba. Ƙamshin ne ya mayar da ni ɗan shekara bakwai. Na zauna, na yi lissafi irin na masana: maiƙon da aka ci da sassafe yakan cika jini da hantsi, zuwa la'asar kuwa enzayim ya share shi. An rubuta hantsi a kati, amma wane taro ne aka taɓa farawa a kan lokaci a ƙasar nan? Manyan baƙi sai azahar, a gabatar da su ɗaya bayan ɗaya da sarautunsu, shugaban taro ya yi jawabin da ya fi laccar tsawo. Kafin a zo kaina jinina ya koma garau. Da wannan lissafi na ci, na siɗe kwano, na kuma karɓi ƙari. (Hajiya Binta tana ɗaki tana shiri, ba ta ga kome ba.)

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne shugaban taron, Rabaran Davou, wani tsohon malamin coci da ke zaune a unguwar Rayfield, wanda ya taɓa yin aiki da sojoji. Lokaci na cika ya dubi agogonsa, ya dubi kujerun manyan baƙi da babu kowa a kai, ya ce, "Wanda ya zo daga baya ya tarar da mu a hanya." Ya yi addu'a gajeriya, ya gabatar da ni a cikin jimla uku, ya zauna. A duk zamana a jami'a ban taɓa ganin irin wannan rashin tausayi ba.

A nan ne mai hankali zai ce wa jama'a an sami uzuri. Ni kuwa sai na yi wa kaina huɗuba a zuci cewa jikin da aka tsare shekara ashirin ba zai kasa kwano biyu ba. Na yi jawabi mai tsawo, na ja shi iyakar iyawata, har Rabaran ya fara ƙwanƙwasa agogo da farce. Sannan Dakta Nanret, wadda na koyar kuma ta gaje ni a ɗakin gwaji, ta ɗebi jinina da na Mista Okeke. Ina da wata ƙa'ida da duk ɗalibaina suka sani: ba mai rubuta suna a kwalbar gwajina sai ni, ba mai sa ta a inji sai ni. Na kuwa tsaya na yi alfahari da wannan ƙa'ida a lasifika, na rubuta sunayen da hannuna, na ɗaga kowa ya gani, domin kada wani ya ce an yi musanya.

Inji ya yi kukansa ya tsaya. Na ciro kwalbar Mista Okeke na ɗaga a gaban kyamarar da ke haska hoto a babban allo. Fari ne, ba laifi, irin farin ruwan shinkafa. Jama'a suka yi ta dariya, shi kuma ya tashi ya shafa tumbi ya rusuna musu.

Na ce, "Wannan shi ne jinin wanda ya bi son zuciyarsa. Yanzu ku dubi na wanda ya bi ilimi."

Na ciro tawa na ɗaga ba tare da na duba ba, domin idona yana kan jama'a. Shirun da ɗakin ya yi ne ya sa na waiwaya. A kan allo, da girman ƙofar zaure, ga kwalba cike da abin da ba shi da maraba da kindirmo, ga sunana a jiki da kyakkyawan rubutuna.

Mista Okeke ne ya fara magana, da muryarsa ta kasuwa. "Oga Farfesa! Naka ya fi nawa fari fa! Wane mai abinci ne kana zuwa? Ka nuna mini wurin!"

Na dubi Dakta Nanret, ina neman wanda zan jingina wa kuskure. Ta dubi hannuna, ta dubi rubutun, ta sunkuyar da kai cikin ladabi. Ƙofar da zan fita ta nan ni na toshe ta da bakina. Na buɗe baki zan soma bayani a kan bambancin jikin mutane, sai na ga Yaya Asabe ta dafa kujera ta miƙe a layin gaba. Wata ta kusa da ita ta fassara mata abin da ake ciki.

Ta ce, "Nawa ne! Man shanuna ne, da hannuna na kaɗa shi. Kun gani ko? Na gaske ba ya ɓuya. Kwano biyu ya ci, Allah ya yi masa albarka."

Ban san ɗakin taro yana iya ɗaukar dariya irin wannan ba. Rabaran Davou ya cire tabarau yana share hawaye, sannan ya jawo lasifika ya ce, "Jama'a, Farfesa ya yi alkawarin nuna mana cewa jini ba ya ƙarya. Ina ganin ya cika alkawari." Aka yi tafi mai tsawo, irin wanda ban samu ba a kan dukan rubuce-rubucena. A daidai lokacin ne manyan baƙi suka fara shigowa, suna tambayar abin da ya wuce su, aka kuwa sami masu ba su labari da yawa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Ita ce Hajiya Binta. A mota, mu uku da Yaya, muna gangarowa ta unguwar Congo-Russia, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, kwano biyu?"

Na ce, "Na biyun bai cika ba."

Ta ce, "To. Yaya, jallon nan kada ki koma da shi."

Tun daga ranar man shanu ya dawo gidana, ba a kuma nemi sa hannuna ba. Sunan Ba-Maiƙo ya mutu a wannan ɗaki; wanda ya maye gurbinsa ba zan rubuta shi a nan ba, ko da yake har masu sayar da katako sun san shi. Binciken da na yi yana nan daram, babu harafin da ya canza, hasali ma ban taɓa yin gwajin da ya fito da kyau kamar na wannan rana ba. Darasin da na ɗauka kuwa bai shafi enzayim ba. Mai dokar barci idan zai yi gyangyaɗi, kada ya kira taro ya kunna kyamara. Kuma duk wanda zai gina lissafinsa a kan lattin mutanenmu, ya fara tambayar wanda zai shugabanci taron.

Wanda ke zaton na ƙara gishiri ya tambayi Rabaran Davou, ko Dakta Nanret, ko Mista Okeke, wanda ke ba da labarin kyauta ga duk wanda ya sayi katako. Hajiya Binta ma shaida ce. Yaya Asabe kuwa tana nan da ranta, kuma har gobe tana gaya wa mutanen ƙauye cewa an nuna man shanunta a allon jami'a, manyan malamai suka tashi suka yi masa tafi.